Mota Mai Ɗaki a Hamadar Amurka: Ruwa Nawa Ya Rage?

Sharhinmu na yau tafiya ce, kuma doguwa, don haka kowa ya gyara zama. Za mu tsallaka teku zuwa kudu maso yammacin Amurka, inda jihohin Nebada da Kalifoniya da Arizona suka yi iyaka da juna, ƙasar duwatsu da ƙaya da rairayi. Abin hawanmu kuwa irin motar nan ce da ake kwana a cikinta, a yi girki a cikinta, a yi wanka a cikinta. Mu kira ta mota mai ɗaki.

Wanda bai taɓa ganinta ba, ya ƙaddara wata matsakaiciyar bas ce, tsawonta mita 7 zuwa 9, amma maimakon kujerun fasinja sai aka shirya ciki da falo a bayan direba. Ga gado, ga teburin cin abinci, ga murhun gas da firji, ga ɗan makewayi wanda faɗinsa bai wuce na dardumar salla ba. Miliyoyin iyalai a Amurka suna da irinta, wanda ba shi da ita kuma yana iya ɗaukar haya na mako biyu ko uku da lasisin tuƙinsa na yau da kullum. Masu tallarta suna cewa ka ɗauki gidanka ka tafi duk inda ranka yake so. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma ni abin da ya fi jan hankalina a cikin motar nan duka, wani ɗan allo ne da ke manne a bango kusa da ƙofa.

Allon yana da maɓallai da ƙananan fitilu. Ka danna na farko, ya nuna maka ruwan sha da ya rage a tanki. Ka danna na biyu, ya nuna yadda tankin ruwan wanke-wanke ya cika. Na uku na bayan gida ne. Tankin ruwan sha a matsakaiciyar mota yana ɗaukar kimanin lita 150, wato jarka bakwai da rabi mai cin lita 20. Da wannan ruwan miji da mata da 'ya'ya za su sha, su dafa, su wanke kwanuka, su yi wanka har sai sun sake isa inda akwai famfo. Kwana biyu da fita, za ka ga maigida ya koyi sabon wanka: ya jiƙa jiki, ya rufe famfo, ya shafa sabulu, ya buɗe, ya ɗauraye, ya rufe. Uwargida tana share kwano da takarda kafin ta sa masa ruwa. Yaron da bai taɓa tambayar inda ruwa ke fitowa ba, shi ne zai riƙa zuwa yana danna maɓalli da sassafe yana shelar cewa fitila biyu suka rage. Mu da muka taso da sanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, wannan darasin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tambayar da za ta bi mu har ƙarshen tafiyar nan ita ce wadda kowane madugu yake kwana da ita ya tashi da ita: ruwa nawa ya rage?

Daga birnin Las Vegas matafiya da yawa suke karɓar mota. Kafin a nufi yamma, yana da kyau a ɗan karkata gabas, tafiyar ƙasa da awa guda, a tsaya a madatsar Hoover da aka kammala a 1936 a kan kogin Kolorado. Ruwan da ta tare shi ne tafkin Mead, wanda ke ba Las Vegas kusan kashi 90 cikin 100 na ruwanta. Mutane wajen miliyan 40 a jihohi bakwai da arewacin Mekziko suna dogara da kogin nan. In ka tsaya a kan madatsar ka dubi duwatsun da suka kewaye tafkin, za ka ga wani farin zobe mai tsayi ya zagaye su, shaidar inda ruwa yake kaiwa a da. A watan Yulin 2022 tafkin ya sauka zuwa kimanin kashi 27 cikin 100 na cikarsa. Ashe birnin da ke walƙiya dare da rana shi ma da ɗan allonsa a bango, shi ma fitilunsa suna raguwa.

Daga Las Vegas sai yamma, tafiyar kimanin kilomita 200, ta garin Pahrump, a shiga Kalifoniya, hanya ta yi ta gangara har kunne ya toshe. Nan ne Kwarin Mutuwa, wanda Turawa ke kira Death Valley. A Furnace Creek da ke tsakiyarsa aka auna zafi na digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyas ranar 10 ga Yulin 1913, kuma har yau shi ne adadi mafi girma da ke rubuce a kundin hukumar yanayi ta duniya. Kudu da nan akwai Badwater, fili fari fat na gishiri, mita 86 ƙasa da matakin teku, wurin da ya fi ko'ina zurfi a Arewacin Amurka. Ruwan saman da ke sauka a kwarin a shekara guda bai cika wuce milimita 60 ba.

Sunan ya samo asali ne daga 1849, lokacin da wani ayarin masu neman zinariya ya bar hanyar da aka sani ya yanke, da zaton zai rage tafiya. Suka faɗa kwarin, suka rasa mafita, har ta kai wasunsu sun yanka shanun da ke jan kekunansu, suka ƙona kekunan suka yi ƙilishi da wutar. Waɗanda suka tsira su ne suka tafi da wannan mugun suna a bakinsu. Amma kwarin yana da masu shi tun kafin zuwansu, kabilar Timbisha Shoshone, waɗanda har gobe suna zaune a Furnace Creek, kuma sai a shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta mallaka musu filaye a hukumance. Su ba su taɓa ɗaukar wurin a matsayin kwarin mutuwa ba. Sun san idon kowane ruwa, sun san lokacin da 'ya'yan itatuwan ƙaya suke nuna, kuma da zafi ya taso sai su haura duwatsu, sanyi ya shigo su sauko. Baƙo ko da idonsa makaho ne, in ji Bahaushe. Abin da ya zama kabari ga baƙo, gida ne ga ɗan gari, bambancin kawai sani ne da bin lokaci.

Wannan bin lokacin shi ne dokar farko ga mai mota mai ɗaki. Ana shiga kwarin ne daga Nuwamba zuwa Maris. Kamfanonin haya da dama suna hana a kai motarsu can a tsakiyar bazara, ko su ce in ka je ta lalace, kai da aljihunka. Dalilin a fili yake. Mota ce mai nauyin tan biyar ko fiye, lita guda ta fetur ba ta kai ta kilomita biyar, ga hawa mai tsawo a kowace mafita. Ta yamma, mashigar Towne tana da tsayin sama da mita 1,500, kuma akwai alluna a bakin hanya da ke gargaɗin direba ya kashe na'urar sanyaya mota kada inji ya tafasa. A gangara kuma, wanda ya ɗora ƙafa a kan birki bai sauke ba, zai ji ƙaurinsa kafin ya isa ƙasa; ƙwararre ƙaramar giya yake sawa, ya bar inji ya riƙe motar. Hukumar da ke kula da kwarin a matsayin gandun ƙasa tana maimaita shawara uku: kowane mutum ya sha aƙalla lita 4 a yini, kada a yi yawon ƙafa a cikin kwarin bayan ƙarfe 10 na safe a lokacin zafi, kuma in mota ta mutu a tsaya tare da ita.

Shawarar nan ta ƙarshe da hawaye aka rubuta ta. A watan Yulin 1996 wasu 'yan yawon buɗe ido daga Jamus, manya biyu da yara biyu, suka bar kwalta da motar haya suka bi wata hanyar duwatsu a kudancin kwarin. Sai a watan Oktoba aka hango motar a wani kwazazzabo, tayoyi sun fashe, babu kowa a ciki. Shekara 13 aka yi kafin masu bincike su tsinci ƙasusuwan manyan a 2009, kilomitoci da yawa daga inda suka bar motar. Taswira ta nuna musu hanya, amma taswira ba ta faɗar zafin dutse, ba ta kuma faɗar yadda ƙishirwa ke juyar da tunanin mutum. A yau an ƙara da wayar hannu mai nuna hanya, ita ma ta sha tura mutane cikin hanyoyin da aka daina bi tun zamanin masu haƙar ma'adinai, a wuraren da babu sabis balle a kira taimako. Matambayi ba ya ɓata. Ofishin ma'aikatan gandun yana nan a Furnace Creek, minti biyar na tambaya ya fi kwana biyar na nema.

Wani abin da baƙo ba ya zato shi ne, hamada tana kashewa da ruwa kamar yadda take kashewa da rashinsa. Ƙasar ba ta shan ruwa da sauri, don haka ruwan da ya sauka a kan duwatsu masu nisa yakan taho ta busasshen rafi da laka da duwatsu, alhali inda kake rana ce tsaka. A watan Agustan 2022 ambaliya ta rufe hanyoyin kwarin duka, ta tsare mutane wajen 1,000, ta binne motoci cikin laka. A Agustan 2023 ragowar guguwar Hilary ta zubar da ruwan shekara guda a yini ɗaya, aka rufe gandun kusan wata biyu, har tafki ya kwanta a kan gishirin Badwater. Shi ya sa duk daɗin yashin rafi da inuwarsa, mai hankali ba ya kafa motarsa ya kwana a ciki. Mutanen Abzin da Tawa da suka san yadda ƙorama ke tasowa ba sallama, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Kafin mu bar kwarin, mu leƙa kangon masana'antar Harmony, inda aka ajiye manyan kekunan katako na dakon boraks, wani farin ma'adini mai kama da kanwa a ido. Daga 1883 zuwa 1889, alfadarai 18 da dawaki 2 ne ke jan su kilomita 265 zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mojave, tafiyar kwana 10. A bayan kekunan kaya biyu akwai na uku, wanda ba ya ɗauke da komai sai tankin ruwa mai cin lita 4,500. Masu wannan sana'a ba su yi karatun boko mai zurfi ba, amma sun san cewa kaya ba ya isa kasuwa sai an fara lissafin ruwa.

Mu miƙa kudu, ta garin Shoshone zuwa Baker, mu ratsa hamadar Mojave. Nan ne ƙasar bishiyar Joshuwa, mai rassa kamar hannuwan mutum a ɗage, wadda ke daɗewa kafin ta girma. A watan Agustan 2020 gobarar da tsawa ta tayar a tudun Cima ta cinye sama da miliyan guda daga cikinsu, kuma wanda ya bi ta wurin yau zai ga baƙaƙen kututture jere har iyakar gani. A nan kuma kunkurun hamada yake, dabbar da ke adana ruwa a mafitsararta ta yi watanni da shi. In baƙo ya ɗaga shi don ɗaukar hoto, tsoro yakan sa ya saki ruwan nan, kuma hakan na iya zama ajalinsa kafin wani ruwan sama ya sauka. Ita kanta ƙasar, a wurare da yawa tana da wani ɓawo mai rai a samanta wanda ke riƙe ta kada iska ta kwashe. Taya ɗaya ta bi ta kansa, sawun zai yi shekaru da yawa bai warke ba. Mu ma muna da namu tabon. Bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, raƙuma da madugai sun wuce ta tsawon zamani ba wanda ya karya mata reshe. Mota ce ta kayar da ita a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai, a gurbinta kuma sai bishiyar ƙarfe.

A garin Amboy za mu hau tsohuwar hanya mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Chicago zuwa Los Angeles, kusan kilomita 4,000, aka kuma cire ta daga jerin manyan hanyoyin tarayya a 1985. A shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka kori manoman Oklahoma da maƙwabtanta daga gonakinsu, ta nan suka bi da katifu a kan rufin mota. Da yawa da dare suke ratsa Mojave don gudun rana, kuma matafiyan wancan zamani sukan rataya jakar ruwa ta tamfol a gaban mota, iska tana bugunta ruwan yana sanyi. Duk wanda ya ga salka a rataye a jikin babbar mota a tashar Agadas ya san wannan dabarar.

Zangonmu na ƙarshe shi ne Quartzsite a Arizona, gari mai mazauna ƙasa da 3,000. A watan Janairu kuwa, dubban ɗaruruwan baƙi ne ke ratsa shi, motoci masu ɗaki su bazu a filin hamada kamar garken fararen shanu. Filayen na gwamnatin tarayya ne. A wasu wuraren ana zama kwana 14 kyauta, a wasu kuma mutum ya sayi takardar izini ya zauna daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu. Da hantsi za ka ga layi biyu: na masu ɗiban ruwa, da na masu zubar da tankin bayan gida a ramin da aka tanada. Mai motar da ta kai kuɗin gidan bene da mai tsohuwar bas da ya gyara da hannunsa, duk layi ɗaya suke bi, kowa da tiyo a hannu.

A maƙabartar garin akwai wani ɗan dala na duwatsu, da siffar raƙumi a ƙolinsa. Kabarin Alhaji Ali ne, wanda bakin sojojin Amurka ya mayar da sunansa Hi Jolly. A 1855 majalisar dokokin ƙasar ta ware dala 30,000 don gwada raƙuma a aikin soja, kuma tsakanin 1856 da 1857 jirgin ruwa ya yi sahu biyu ya kawo sama da 70 daga Arewacin Afirka da ƙasar Turkiyya. Da yake sojojin ba su san kan raƙumi ba, sai aka taho da masu kiwonsa, cikinsu har da Alhaji Ali. A 1857 raƙuman suka raka wani mai suna Edward Beale wajen shata hanyar kekuna zuwa kogin Kolorado, kuma a wurare da dama kusa da sawun nan hanya mai lamba 66 ta bi daga baya. Yaƙin basasar 1861 ya kashe shirin, aka yi gwanjon raƙuman, wasu suka bazama daji. Alhaji Ali ya zauna a wannan hamada har ya rasu a 1902, aka gina masa dalan a 1935. Masu motoci masu ɗaki suna tsayawa su ɗauki hoto a wurin, kuma ya cancanci su tsaya, domin kafin inji ya ratsa ƙasar nan sai da aka nemo wanda ya san ƙishirwa.

Jama'a, kada mu ɗauka duk wanda ke Quartzsite hutu ya zo yi. Akwai tsofaffi masu fansho da suka gudo wa ƙanƙarar arewa. Akwai kuma waɗanda motar ce kaɗai gidan da ya rage musu, musamman tun bayan rikicin tattalin arziki na 2008, dattawa maza da mata da ke bin aikin ƙodago daga rumbunan kaya zuwa gonakin gwoza. Labarinsu ne 'yar jarida Jessica Bruder ta rubuta a littafin Nomadland a 2017, wanda fim ɗinsa ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Kudu da nan kuma, a hamadar Sonora da ke kan iyakar Mekziko, an tsinci gawarwakin baƙin haure sama da 3,000 a kudancin Arizona tun daga shekarar 2000, yawancinsu zafi da ƙishirwa ne suka kashe su. Hamada ɗaya ce, wani yana kallon taurarinta daga kan kujera da kofin shayi, wani yana ratsa ta da jarka guda a hannu.

Wannan ciwo mun san shi a jikinmu. A watan Oktoban 2013 aka gano gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Allah Ya jiƙansu da rahama. Na kawo wannan ne domin kada wani ya saurari labarin firji da gado a cikin mota ya ɗauka cewa inji ya gama da hamada. Ko a Mojave ko a Tenere, mota tana da amfani ne muddin tana tafiya. Ran da ta tsaya, abin da zai yi magana shi ne ruwan da aka ɗauko, da mutumin da aka sanar wa hanya da ranar isa.

Hukuncina a kan wannan tafiya shi ne, tana da kyau, kuma wanda Allah Ya hore wa ya yi ta. Tafiya mabuɗin ilimi ce. Mutum zai ga sararin sama ba hayaƙi ba fitila, zai ji shirun da birni ya hana shi ji, 'ya'yansa za su koyi darajar kofi guda na ruwa fiye da yadda aji zai koya musu. Amma ya shiga da ladabin baƙo. Ya zaɓi lokacin sanyi. Ya cika tankin mai tun yana rabi. Ya ɗauki jarkunan ruwa daban da na tanki, ya duba safaya da jak kafin ya tashi. Ya tambayi 'yan gari, ya faɗa wa wani inda ya nufa. Kada ya sauka daga hanyar da aka shata, kada ya zubar da ƙazantarsa a ƙasa, kada ya bar ko leda guda a inda ya kwana.

Kiran nan bai tsaya a Amurka ba. Ina miƙa shi ga direbobinmu da ke lodi a Agadas da Arlit da Dirku, da masu motocin da suke tura su, da iyayen da ke sallamar 'ya'yansu zuwa arewa. Don girman Allah, kafin a ƙirga fasinja a ƙirga jarka. Kafin a tayar da inji a yi tambayar madugu, ruwa nawa ya rage, kuma kada a ɗaga sai amsar ta isa kowa da ke cikin motar, har da jaririn da ke goye.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya.